Atishawa a Saman Injin Ɗaga Kaya

Zuwa ga matata, Maman yara,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Yaya ƙafar Umma? Allah ya ƙara sauƙi.

Murar nan ta ƙi tafiya, kuma ashe ba mura ba ce. Tun da ciyawar filin da ke bayan ginin da muke yi ta fara fure, hancina ke zuba kamar famfon da ya lalace, idanu na ƙaiƙayi, atishawa kuwa in ta kama ni ba ta tsayawa. Likitar kamfani ta haska hancin, ta ce duk ya kumbura. Wai garkuwar jikina ce ke ɗaukar garin fure a matsayin abokin gaba. Da ya sauka a hanci sai ta saki wani sinadari, jijiyoyi su buɗe, ruwa ya ɓalle. Na ce mata ashe masu gadin nawa ba su da aikin yi, da fure suke dambe. Ta ba ni maganin fesawa, amma ta ce sai a hankali zai kama.

Kin san aikina. Ina can sama cikin ɗan ɗakin injin ɗaga kaya, ƙarafa na reto a kan mutane. Ƙwayar da na saya a kemis tana tsayar da atishawar, amma gyangyaɗi take sa ni, don haka na daina sha. Kada ki gaya wa Umma, tunda Autanku ne ke tsaye a ƙasa yana ba ni alama da hannu.

Naki,
Baban yara.

Maman yara,

Ina gaisuwa. Kafin komai, ki kwantar da hankalinki, Auta yana raye.

Jiya fankar ɗakin injin ta mutu. Na roƙi foman a jira a gyara, ya ce motoci na jira. Zafi ya ishe ni, na buɗe taga. Ina cikin sauke damin rodi iska ta kaɗo daga filin. Na ji atishawa tana tahowa, na danne hanci da kafaɗa, na cije leɓe, ina! Idanuna suka rufe, hannuna ya fizgi sandar sarrafa injin. Da na buɗe ido damin ya daki bango, rodi na zubowa, kuma ban ga Auta a wurinsa ba.

Ban san yadda na sauko tsanin nan ba. Na same shi kwance bayan tulin bulo, hular kwanonsa ta tsage, daga baya aka yi masa ɗinki a kafaɗa. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Kallona kawai ya yi ya juya kai.

Foman ya so a rubuta cewa iska ce. Na ce a'a, hancina ne, kuma ba zan sake hawa ba sai likita ta yarda. Yanzu siminti nake ɗauka, ban san ko za su mayar da ni ba. Ɗaki ɗaya muke kwana da ƙaninki, amma ko sannu ba ya amsa mini. Ki yi mana addu'a.

Mijinki.

Maman yara,

Da fatan kun tashi lafiya. Na samu wasiƙarki, na gode da ba ki ɓoye mini fushinki ba.

Kumburin ya sauka, likita ta sa hannu, an gyara fankar, an kuma yanke ciyawar. Yau da safe na hau. Foman ya tambayi wanda zai ba ni alama, kowa ya sunkuyar da kai. Daga sama ina ganinsu. Har na fara shirin saukowa sai na hango Auta ya fito daga rumfa, kafaɗa a ɗaure. Ya tsaya daidai inda rodin ya zube, ya kira ni a rediyon hannu ya ce, "Yaya, ka rufe tagar?" Na ce na rufe. Ya ce, "To, ɗaga."

Na ɗaga, na kuma sauke lafiya.

Ki gaishe da Umma. Yanzu kina iya gaya mata, amma ki bari ta zauna tukuna.

Naki har kullum,
Baban yara.