Kwalabena na Cikin Frigo

Villeurbanne, 9 ga Maris 2009

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baba da duk mutanen gida a Damagaram. Yaya ƙafar taki? Sahadatou, ki karanta mata a hankali, ban da tsallake layi.

Albishirinki, Inna! Yaya Kamalu, wanda kike korowa daga tapki da bulala, yau hotonsa ya cika tashoshin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na Paris da na nan Lyon. Tun da ya ci gasar iyo, wani kamfanin ruwan kwalba ya ɗauke shi talla. A ƙasan hoton an rubuta wai yana iyo ne don ƙanwarsa mai ciwon sukari. Ni ke nan fa! Na tsaya gaban hoton ina kuka, mutane na kallona.

Bini-bini sai ya hawo jirgin ƙasa daga Paris ya zo ganina. Shi ke shara, shi ke gyara kayan cikin frigo, akwatin sanyi, har kwalaben insulin ɗina yake jera mini. Sai dai jikin ya ƙi. Ina allura a kan lokaci, sukari sai hawa yake. Likita ya ce zaƙi nake ci a ɓoye. Don Allah ki daina aiko alkaki.

Ki gaida kowa. Ɗiyarki,
Raliatou

Lyon, 21 ga Mayu 2009

Inna,

Salamu alaikum, da fatan kun wuni lafiya. Kada hankalinki ya tashi, daga gadon asibiti nake rubutu amma da sauƙi. A labo, ɗakin gwaje-gwaje na makarantarmu, na faɗi, ana cikin darasi.

Ki yafe mini, alkakinki ba shi da laifi. Sun auna kwalbar da ke jakata, rabinta ruwa ne. Wani ya zuƙe maganin da sirinji ya cika da ruwa. A satin nan kuma Yaya ya suma a bakin pisin, wurin iyonsu, a Paris, sukarinsa ya faɗi ƙasa warwas, shi da lafiyarsa lau. Ashe wasu 'yan wasa suna yi wa kansu allurar insulin a ɓoye don neman ƙarfi, kuma an haramta. Inna, ban da ni, mutum ɗaya ne ke taɓa frigona.

Wallahi da hannuna nake dafa masa shinkafa in zai koma.

Taki,
Raliatou

Villeurbanne, 14 ga Yuni 2009

Innata,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Na ji saƙonki ta bakin Baba.

Yaya ya zo. Bai tambaye ni jiki ba. Hukumar wasanni za ta dakatar da shi, kamfanin kuma zai sauke hotunan. So yake in je gabansu in ce ni na yi masa allurar, bai sani ba, ya ɗauka bitamin ne. Ni da nake karatun farmasi, haɗa magunguna! In na faɗi haka, korata za a yi, ƙila har kotu, shekarun wahalata sun tafi a banza. Ya ce ai ni mace ce, aure zan yi. Kai, rashin kunya!

Ba satar ce ta fi yi mini ciwo ba. Da ɗauke kwalbar ya yi gaba ɗaya, da na gani na sayi wata. Amma ya cika ta da ruwa, ya zauna a bakin gadona yana kallo ina soka wa cikina, har yana yi mini sannu.

Kin ce in rufa masa asiri, ɗan'uwa rabin jiki ne. Na yarda, Inna. Jikin da ya rage mini shi zan lallaɓa. Jibi zan je gabansu da takardar asibiti, in faɗi abin da aka samu a kwalbar.

Hotonsa na nan a tashar da nake hawa metiro, yana murmushi, kwalbar ruwa a hannu. Yanzu a ƙafa nake zuwa makaranta.

Ki sa ni a addu'a, ko da kina fushi da ni.

Ɗiyarki,
Raliatou