Hoton Cikin Akwatin Nasiru

Daren Laraba, Karaye

Raina a ɓace yake. Ina goge akwatin makarantar ɗana Nasiru na ga hoton wata mata, kai ba ɗankwali, ta jingina da doguwar mota marar rufi. Tir! Na kai wa ƙanena Isa direba a tasha. Ya yi dariya, ya ce, "Yaya, 'yar wasan Indiya ce, ta ma girme ki. Motar kuwa ta Amurka ce, yanke kanta aka yi." Ko kunya, har da roƙon in bar masa.

Na tsare Nasiru. Wai shi motar yake kallo, makaranta zai bari ya koyi kanikanci. Ni da sai da furfura na iya rubuta sunana! Wallahi gara a ce matar ce.