Bindigar Da Ba Ta Yi Ƙara Ba

Gwarzo,
Bayan Ƙaramar Salla.

Zuwa ga Yayana Malam Ashiru, Kabo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Yaya Aishatu da yara da ɗalibanka na Islamiyya. Yaya kunnen? Ina fata ka daina ɗiga masa man nan da ake tallarsa a tasha. Mu nan lafiya, sai zafin gari. Badi'a tana gaishe ku.

Da kunnenka yana ɗaukar waya da na kira ka na huta, don ka san rabona da doguwar takarda tun jarrabawar sakandare. Amma Sagiru direba ya ce ka tsare shi a tasha kana tambayar me ya hana ni zuwa yawon Salla, kuma wai ka ji ana haɗa sunana da mutumin Gude da aka harbe. To gara ka ji daga wajena.

Sunansa Jibirin, manomi ne, ɗan Malam Salisu na Gude. Yakan sayi batirin rediyo a wajena. Ranar kasuwar ƙarshe kafin Salla ya sayar da wakensa, ya zo shagona da azumi a bakinsa, ya ce bindigar wasa yake so ya kai wa ɗansa, irin mai batir ɗin nan da ke ƙara tana walƙiya. Na farke sabon katan na ciro masa ɗaya. Ya ce in zuba a leda kawai yana sauri, mota za ta tashi. Ka san ni, ka san allon da ke saman shagona mai cewa SAI AN GWADA. Tun ina yawo da tociloli a tire ban taɓa sallamar mutum da kaya ba a gwada ba, shi ya sa garin nan kaf ake ce mini Tasi'u Sai-an-gwada. Na ce masa ba a yin haka a nan. Na sa batir, ya danna, shiru. Na canza batir, ya danna, shiru. Ya yi dariya ya ce yau dai an kama Sai-an-gwada. Na ce ba a kama ni ba, makunnin ne bai gani ba, ya fita haske ya duba, ni kuma na duƙa cikin katan in ciro wata.

Ina duƙe na ji harbi. Da na fito yana kwance bakin kwata, bindigar tana gefensa, hularsa can. 'Yan sandan sintiri ne suka harbe shi, waɗanda aka turo saboda jita-jitar ɓarayin daji suna shigowa sayayya. Ya cika kafin a sami mota.

Da farko an ce ɗan bindiga aka kashe. Da aka ga roba ce, sai magana ta koma wai ya saita su da ita, ta yi ƙarar harbi, su kuma ba su da lokacin tantancewa. Sun tafi da ni, na wuni a kan benci. Aka tambaye ni ko na gani, na ce ina ciki. Aka ce to madalla, in tafi. Wani babbansu ya raka ni bakin ƙofa yana dafa kafaɗata, ya ce ko na san an hana sayar da irin waɗannan bindigogi, amma tunda ni mutumin kirki ne ba za a tayar da maganar ba.

Na buɗe shago bayan Salla. Ina zaune dai. Kada ka gaya wa Gwaggo, hawan jininta ya ishe ta.

Ka gaida kowa. Ƙaninka,
Tasi'u.

Gwarzo,
Ƙarshen Shawwal.

Yaya Ashiru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Ina fata iyali lafiya. Saƙonka ya iso, da kuma zumar da Yaya Aishatu ta aiko, Allah Ya saka da alheri.

Na karanta takardarka, kuma ba zan ɓoye maka ba, ta ɓata mini rai. Ka cika shafi guda da hukuncin mai ɓoye shaida, kamar ban zauna gaban Baba tare da kai ba. Ni ban yi ƙarya ba. An ce na gani? Na ce ban gani ba. Ban kuwa gani ba. Kai kana da makarantarka, ba wanda zai zo ya sa mata kwaɗo. Ni shagon nan ba gado na ci ba. Daga tire na koma tebur, daga tebur na koma rumfa, ruwa ya doke ni, rana ta doke ni, ban taɓa zuwa ƙofar wani da ƙoƙon bara ba, har da taka. Yanzu kuma kana zaune a Kabo kana ce mini in miƙa wuya.

Amma ka yi tambaya ɗaya da ba wanda ya yi mini, kuma ita ce ta hana ni sakat. Ka ce, to ba ka gani ba, me ka ji? Wai ku da kunne ya tafi kun fi kowa sanin abin da kunne ke shaidawa.

Ban ji komai ba, Yaya. Tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma ba. Bindigogin nan in suna aiki har ƙarshen layi ana jin su, iyaye suna zagin mai sayarwa. Kafin harbin ba abin da na ji sai mai kankana yana kiran ciniki. Mai shayin da ke gefena ya ce ya ga Jibirin ya kara ta a kunne yana jijjigawa, amma ya rantse in aka kira shi zai ce yana masallaci.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba sai kai. Na rufe shago na gwada sauran na katan ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ko guda ba ta ƙara. Na ɓalle ɗaya, ba ma waya a ciki, fanko ne da gidan batir. Wani yaro mai sari a birni ya haɗa ni da su, ya gwada mini wata da ke kan teburinsa, na ga araha na ɗauka. Ni, Tasi'u, da nake koya wa 'yan kasuwar nan yadda ake gane jabu. In na faɗi wannan a gaban jama'a, ka san abin da za a yi da ni a layinmu.

Alhaji Hambali, shugaban 'yan kasuwarmu, ya kira ni rumfarsa. Ya ba ni kujera, ya aika a sayo lemo. Ya ce an kafa kwamiti da zai zauna a kan maganar, in an kira ni in tsaya a kan abin da na faɗa da farko. Ya ce wanda ya mutu ya mutu, mu kuma da sintirin nan muke kwana da kayanmu, in suka yi fushi suka janye wa zai tsare kasuwa? Ya ce ni mai iyali ne. Na ce na gode da tunatarwa, da na manta.

Ka rubuta cewa a Gude har an fara cewa in Jibirin ba shi da wani abu me ya sa aka harbe shi, kuma matarsa Naja'atu ta daina fita ɗiban ruwa saboda kallo. Ban so ka gaya mini wannan ba.

Ran nan Malam Salisu ya zo da kansa. Tsoho ne siriri, da lema a hammata. Bai shigo ba, ya tsaya daidai bakin kwatar nan yana kallon ƙasa. Na yi masa gaisuwa, na fito da benci, ya ce a'a. Ya ce ba diyya ya zo nema ba, ba kuma rigima ba, so yake ya san abin da zai gaya wa jikansa in ya girma ya tambaya. Ya ce, "Malam Tasi'u, ɗana ya tsorata mutanen nan?" Na ce Baba ina ciki. Ya gyaɗa kai, ya yi mini addu'ar kasuwa, ya tafi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na gaji, Yaya. Ba na son abinci. Mai saye ya zo in ce a gwada, sai in ji bakina ya yi nauyi. Badi'a ta ce in je asibiti, na ce me zan ce musu yana ciwo?

Kada ka ƙara rubuto mini wa'azi. Ka yi addu'a kawai.

Naka,
Tasi'u.

Gwarzo,
Farkon damina.

Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kun sami ruwa kamar yadda muka samu, kuma an yi shuka lafiya. Ka gaida Yaya Aishatu, ka ce mata na ji saƙonta, ina cin abinci yanzu. Ka yafe mini zafin takardata ta baya.

An yi zaman kwamitin. Na san Sagiru ya riga ni kawo labari, kuma na san ya ƙara gishiri, don haka ga yadda aka yi.

Da safen har na sa kaya ban san me zan faɗa ba. Na biya shago, na tsaya ina kallon katan ɗin. Na nemi ɗan acaɓa, babu, duk sun tafi kallo. Sai na ɗora shi a ka. Rabon da in ɗauki kaya a kai tun ina saurayi. Na ratsa layinmu da babbar riga da katan a ka, Alhaji Hambali yana ƙofar rumfarsa yana kirana, ban juya ba, don in na juya zan sauke.

Ɗakin ya cika. Ga 'yan kwamiti a kan tebur, ga lauyan 'yan sanda, ga wata lauya da ta zo daga birni saboda iyalan mamacin, ga mutanen Gude a baya sun zauna a ƙasa. Aka tambaye ni ko na gani. Na ce ban gani ba. Shugaban ya ce to na iya zama. Na ce ranka ya daɗe ban gama ba, na zo da abin da na ji.

Na juye katan ɗin a kan teburinsu. Na ce wani ya kawo batir daga waje, don kada a ce nawa ne matattu. Aka ciro daga rediyon maigadi. Na riƙa sawa ina dannawa ina ajiyewa. Da farko an yi dariya. Na ji wani daga baya, na kuma san muryarsa, maƙwabcina ne mai sayar da caja, ya ce ashe Sai-an-gwada fanko yake sayar mana. Na ci gaba. Da aka yi nisa dariyar ta mutu, ba ka jin komai sai ɗan ƙas-ƙas na roba da fanka tana juyawa. Na ɓalle ta ƙarshe na nuna musu cikinta. Na ce an cuce ni ne a birni, ban kuma gane ba sai da mutum ya mutu. Na ce ta hannun Jibirin daga nan ta fito, sau biyu muka gwada ta, kuma ni na hana shi tafiya da ita a leda.

Lauyan 'yan sanda ya tashi ya ce wannan bai nuna waccan ɗin ba ta yi ƙara ba. Lauyar ta ce to a kawo ta a gwada. Aka ce tana ajiye a birni, ba a zo da ita ba. Shugaban ya rubuta, ya ce za su miƙa rahoto sama. Shi ke nan. Wanda ya yi harbin ko ganinsa ban yi ba, an ce an yi masa canjin wajen aiki. Ban sa rai za a ji wani abu ba, kai ma kada ka sa.

Ba a yi mako ba aka zo aka rufe shagon, kan maganar da aka ce ba za a tayar ba. Alhaji Hambali ya ce ya gaya mini. Gaskiyarsa, ya gaya mini. Yara a unguwa sun canza mini suna, Tasi'u Fanko. Na ɗauka zai fi haka ciwo. Yana da ciwo dai.

Abin da nake so ka sani shi ne wannan. Da aka tashi, ina tattara robobin nan ni kaɗai, sai ga Malam Salisu. Ya duƙa yana taya ni zubawa a katan, ina ce masa Baba bari, bai bari ba. Da muka gama ya riƙe hannuna ya ce, "Na ji abin da ka ji. Mutanen garinmu ma sun ji." Ya saki hannuna ya tafi. Sagiru ya ce ya ga Naja'atu a bakin famfo ranar da ya kai fasinja Gude, mata suna yi mata gaisuwar da ba su yi ba tun farko. Kai ka fi kusa, ka bincika mini ko gaskiya ne.

Yanzu ga abin da ban taɓa yi ba, kuma kada ka nuna wa kowa takardar nan. Ina neman alfarma. Ban san ranar da za a buɗe shagon ba, gida kuma ba ya jira. Akwai 'yan tociloli da fitilu masu caji da suka rage a ɗakin Badi'a. Ka yi wa sarkin kasuwarku magana ko za a sami gurbin tebur ɗaya, ko a rana ne. Ba rumfa nake nema ba. Na san hanyar, na taɓa bin ta, sai dai gwiwar ba irin ta da ba ce.

Allon nan kuwa na ciro shi kafin su sa kwaɗo, yana jingine a zaure. Badi'a ta ce in bar shi a nan, Kabo ma labari ya kai, dariya za a yi mini. Na ce a yi. In ka sami wajen, ka aiko Sagiru ya ɗauke shi tare da tsohon teburina, ka ce ya ɗaure shi da kyau kada ruwa ya taɓa rubutun.

Ka gaida Gwaggo, yanzu kana iya gaya mata. Allah Ya jiƙan Jibirin, Ya jiƙan Baba, Ya ba ka lafiyar kunne.

Ƙaninka,
Tasi'u Sai-an-gwada.