Kafaɗar Kafayatu

Zuwa ga ƙanena Zikrullahi,

"Yaya, kafin jirginki ya sauka na gyara keken guragun nan na Kafayatu." Haka ka ce mini a tashar mota a Minna. Na sauka, har hunturun Jamus ya zo ya wuce, ba ka gyara ba.

Bayan haka, ina gaisuwa. Yaya Inna da jiki? Yaya Talatu da yara? Ni lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Aikin gashin ƙashi da nake yi wa 'yan ƙwallon kwando masu keken guragu yana mini daɗi. Bayana ne kawai ke ƙorafi da yamma, kada ka gaya wa Inna.

Na ga bidiyon wasan Kafayatu. 'Yata ta jefa ƙwallo a raga, na yi ta murna, sai na lura da yadda take miƙa hannu can baya kafin ta kamo taya. Tun farko da ka yi waldar keken nata, ka kai tayoyin baya da yawa, kujerar kuma ta yi tsayi, don haka duk turin da ta yi kafaɗa ce ke shan wahala. In ta zauna ta saki hannu, ya kamata yatsanta na tsakiya ya taɓa cibiyar taya. Nata a iska yake tsayawa. Kai in kafaɗarka ta yi ciwo, hutu za ka yi. Ita kafaɗarta ce ƙafarta. In ta lalace, ko banɗaki sai an ɗauke ta.

Na ba ka zuwa ƙarshen watan nan. In ya wuce, Garba mai walda na Maikunkele zai zo ya ɗauki keken a ƙofar shagonka da rana tsaka, maƙwabtanka suna kallo, ya je ya gyara shi.

Allah ya yi wa sana'arka albarka.

Yayarka,
Rukayat