Na Fasa wa Mijin Yayata Baki a Kan Murhu

Anti Hasiya,

Ina tambayarki, ina kuma tambayar duk wanda ya buɗe shafin nan: tsakanin wanda ya fasa wa mutum baki da wanda ya kusa aika maijego da jaririyarta lahira, wa ya kamata ya durƙusa a gaban dattawa? Ki taimake ni da amsa kafin Asabar, don wallahi har yanzu hannuna ƙaiƙayi yake yi, ban yarda da kaina ba.

Shekarata ashirin da shida, ɗaukar kaya nake yi a wani babban sito a garin Laurel, nan ƙasar waje. A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, sauran da kaina na koya, daga rubutun jikin kwali har na kai ga littattafai. Na faɗa ne don ki san matsayina a gidan yayata Sailuba. Mijinta Maitama injiniya ne mai digiri uku, in ya yi magana a taro har liman gyaɗa kai yake. Ni kuwa ɗan dako ne da aka ba ɗaki a besmen, wato sashen gidan da ke ƙarƙashin ƙasa.

Gidan can bayan Gaithersburg yake, wajen gonaki, kuma da murhun ɗumama gida a ciki suka saye shi. Ba na gas ba ne. Pelet yake ci, garin katako da aka matse ya zama kamar abincin kaji, yana kuma cin busasshiyar masara. A mazubi ake zuba masa, shi yake jan abincinsa kaɗan-kaɗan zuwa tukunyar wuta, fanka ta kora hayaƙi waje ta bututu. Da yake a besmen yake, maƙwabcina ne, na ɗauki littafinsa na karance tas, shafi hamsin da biyu, kalmar da ta gagare ni in duba a waya. Shekara biyu ni ke kwashe toka, ni ke kankare tukunyar, ni ke goge gilashin. Ko tari bai taɓa yi ba.

Farkon Janairu Sailuba ta haihu, Gwaggo Talatu ƙanwar babanmu ta zo daga Zariya yi mata jego. Ta zaga gidan ta ce ɗakunan sama sanyi gare su, sanyi kuwa in ya shiga maijego ya shiga ke nan har tsufa. Tana sauka besmen ta ji ɗumi, ta ce ga ɗakin jego nan Allah ya kawo. Ba ma ɗakina ta zaɓa ba, gefen murhun kansa aka jingina gado, taku uku tsakani. Ni aka ce in ba mata wuri, na koma wajen abokina. Kafin in fita na buɗe wa Maitama shafin littafin murhun da ya ce a riƙa kwashe toka, kada a tare wa murhu iska, kada a taɓa makunnin tsaro. Ko kallon shafin bai yi ba. Wai lokacin da yake zana injuna ni ina fitsarin kwance.

Sati uku babu wanda ya taɓa toka. Gwaggo ta ji iska na shigowa ta wani bututu da wata 'yar taga, ta cusa musu tsofaffin zannuwa. Murhu ya fara mutuwa da kansa, don akwai makunnin da ke yanke masa abinci in hayaƙi ba ya fita daidai. Abin yana ihu ne da irin bakinsa. Injiniya sai ya buɗe bayansa ya haɗe makunnin da waya, irin yadda ake yi wa fis a gida in ya ƙone. Ranar suna alam ɗin da ke gargaɗin gurɓatar iska ya dame su da kuka, gida cike da baƙi, ya hau kujera ya zare batir ya jefa a durowar kicin.

Ranar Laraba bayan la'asar na tashi daga aiki na kira Sailuba. Muryarta tana jan kalma kamar wadda ta sha wani abu. Ta ce kwana uku kanta na sarawa, Gwaggo ta ce kan jego ne. Jaririyar kuma tun safe ta ƙi kama nono, sai barci. Ban san yadda na kai gidan ba. Ƙofar besmen a rufe, an tura tawul a ƙasanta. Gilashin murhu baƙi ƙirin, wutar tana lilo kamar ta kyandir. Gwaggo a zaune tana amai a bokiti. Na saɓa jaririyar a kafaɗa, na ja Sailuba a ƙasa, gwiwoyinta na bugun matakala ɗaya bayan ɗaya, Gwaggo ta biyo mu da rarrafe. A waje na kira 'yan kwana-kwana. Na'urarsu ta auna iska na fara kuka daga bakin ƙofa suka ja baya suka sa takunkumi. Ɗayansu ne ya fito ya nuna mini hoton wayar a jikin makunnin.

Ana sa su a motar asibiti sai ga Maitama daga ofis. Bai tambayi matarsa ba, bai tambayi 'yarsa ba. Ni ya nufo, wai da izinin wa na tara masa hukuma a ƙofar gida. Anti, a nan idona ya rufe. Naushi biyu na yi masa a baki, haƙorinsa ya faɗi a kan ƙanƙara, jini ya wanke masa riga. Ya faɗi na hau ruwan cikinsa, na naɗe nektayinsa a hannu ina ja, ina kallon idonsa yana firfitowa, kuma ban ji zan saki ba. Mutum biyu suka ɓamɓare ni. Da ɗan sanda ya tambaye shi sai ya ce santsi ne ya kwashe shi. Wannan kaɗai nake jin nauyinsa.

Kwana biyu suka yi a asibiti ana ba su iska. Yanzu suna Annandale gidan wata ƙawar Sailuba. Dattawan ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna nan sun zauna awa biyu a kan haƙori, babu wanda ya ambaci wayar makunni. Hukuncinsu shi ne in durƙusa in ba shi haƙuri, Sailuba kuma ta koma ɗakinta ranar Asabar. Jiya na bi ta layin, hayaƙi na fita daga bututu, alhali 'yan kwana-kwana sun rataya wa murhun jan katin hana kunnawa. Gwaggo ta ce ya kwashe toka da kansa, wayar kuwa wai sai sabon makunni ya iso zai cire. Akwai guduma a but ɗin motata. In aka mai da yarinyar nan gidan, ko murhun ko haƙarƙarinsa, ɗaya zai karye.

Na san yana karanta filin nan. Maitama, ka fito nan inda kowa ke gani ka faɗi wa ya ɗaura waya, wa ya zare batir. Dattawa ku ma ku amsa: haƙori ɗaya ne ya fi rai uku?

Ƙanin Maijego, Laurel

*

Ƙanena,

Na canza sunayen da ke wasiƙarka, saura ban taɓa ba. Ka ceci rai uku, kuma karatun da ka koya wa kanka ne ya sa ka gane muryar yayarka ba ta gajiya ba ce. Wannan babu dattijon da zai ƙwace maka shi.

Amma shaƙe mutum ba hukunci ba ne, hanyar kisa ce. Da mutanen nan biyu sun makara, da yau yayarka ba miji, ba ƙane. Naushinka kuma shi ya ba dattawa abin tattaunawa, ya rufe zancen waya. Ka cire gudumar nan yau ka ba abokinka ya ajiye. In ka fasa murhu ko ƙashi kurkuku za ka, wa zai tsaya wa Sailuba? In fushin nan yana yawan rufe maka ido, ka nemi mai ba da shawara a asibiti, ba abin kunya ba ne.

Maitama ya yi ganganci babba, kuma sake kunna murhun da aka rataya wa kati ya fi na farko muni. Sai dai mutumin da ya rufa maka asiri jini na zuba a bakinsa ba maƙiyinka ba ne. Kunya ce ta kama shi, girman kai ya hana shi sauka. In na tsayar da shi a filin nan, ƙara ƙanƙame wayar zai yi. Gwaggo kuwa da ƙauna ta toshe bututun. A gida da garwashi ake ɗumama maijego, ba ta san wannan murhun da iska yake rayuwa ba.

Ga abin yi kafin Asabar. Yau ɗin nan ka kira ofishin 'yan kwana-kwana na gundumar, ka gaya musu an sake kunna shi, don shi kansa Maitama a cikin haɗari yake kwana. Ka karɓi rahotonsu a rubuce. Ka kai shi da hoton wayar wurin dattijo ɗaya da Maitama ke jin nauyinsa, in da likita a cikinsu ya fi. Ka ce za ka ba da haƙurin duka, ka bayar da gaske, amma a zama ɗaya a yanke maganar murhu. Ka zauna da Sailuba kuma. Duk wasiƙarka ban ji abin da ita take so ba, alhali ita ce uwar yarinyar, ita ke da ikon cewa ba ta komawa tukuna.

Sharaɗin komawa a bayyane yake. Mai gyara mai lasisi ya cire wayar, ya sa makunni, ya share bututu tun daga murhu har waje, ya rubuta cewa lafiya. A buɗe hanyar iska. A sa alam mai gano kabon monoksaid, iskar gubar da wuta ke fitarwa, a kowane hawa da kusa da ɗakin kwana, domin iskar nan ba ta da wari ba ta da launi, jarirai kuma ta fi saurin kayarwa. Toka a bokitin ƙarfe mai murfi, a waje. Gadon maijego ya hau sama, a ƙara bargo da ruwan ɗumi, Gwaggo ta ci gaba da jegonta a can. Ku masu karatu, in kai ya sara wa mutum biyu a gida ɗaya, ko alam ya yi kuka, ku fita ku kira lambar gaggawa 911. Kai ma da daga Laurel ka kira, da sun riga ka isa.

Maitama, in kana karantawa, ba sai ka amsa a nan ba. Ka kashe murhun, ka tafi Annandale ka ɗauki 'yarka ka dube ta da kyau.

Allah ya ba maijego da Gwaggo lafiya, ya raya jaririya, ya sanyaya maka zuciya.

Anti Hasiya