Faskaren da Na Ɓoye Bayan Rumbu

Daren Laraba, 9 ga Safar, Gashuwa

Yau tsokanata ta juyo kaina. Malama Hauwa ta jami'a, mai binciken yadda masu bandar kifi za su rage ƙona itace, sati biyu ke nan tana auna abin da sabon murhunta ke ci a gidanmu. Ni kuwa da ta juya baya sai in zare faskare biyu-uku in cusa bayan rumbu, ita a zatonta wuta ce ta cinye. Daɗin ganinta nake ji tana gyara tabarau tana sake duba sikeli.

Ɗazu ta rufe littafinta ta ce, "Kawu Bukar, sabon nan ya fi tsohon ci. Abin ya ɗaure min kai."

Kawu ya ce, "Ai na faɗa miki, 'yata, kifi bai san boko ba. Gobe a rushe shi."

Na fara dariya, sai na hango Inna. Tunda aka gina murhun nan hayaƙi ya ragu, ta daina tarin nan mai durƙusar da ita.

Da safe zan fito da itacen a gabansu. Kawu zai murɗe min kunne, ya murɗe. Kunne biyu gare ni, ƙirjin Inna ɗaya ne.