Shirun da Na Ji a Kan Gada

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a karatu. Mu nan lafiya ƙalau, ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta koma zagaya maƙwabta.

Na san ka ƙule da ban amsa tambayar bincikenka ba. Ka ce idan mota na gudu, waya takan saki ƙarfen sabis ɗaya ta kama na gaba, kuma kuna son sanin tsawon shirun da mutum zai jure a tsakani kafin ku tsara intanet ɗin gobe. Gaskiya dariya na yi, na ce wa Mama an tura yaro ƙasar waje yana ƙirga ƙiftawar ido.

Ranar Talata dariya ta ƙare. Ina kan keken ɗinki, 'yar autata ta rarrafo ta tsinci maɓalli ta jefa baki. Numfashi da ƙyar yake fita. Na sure ta ko takalmi babu, na tare tasi, na kira maƙwabciyata nas a waya. Muna cikin gudu kukan yarinya ya ɗauke gaba ɗaya. Nas ta ce in kifa ta a hannuna in bugi tsakiyar bayanta, tana ƙirga mini. Ta kai biyu muka hau gada, sai muryarta ta ɗauke ɗif. Direba ya rantse bai wuce daƙiƙa biyu ba. Ni dai hannuna a sama ya tsaya, na rasa ko in buga ko in bari, ga leɓen 'yata ya fara baƙi. Da muryar ta dawo tsawa ta daka mini in ci gaba, a bugu na huɗu maɓallin ya faɗo. Ban taɓa jin daɗin ihun yaro kamar ranar ba. Likita ya duba ta, ya ce babu komai, alhamdulillahi.

Saboda haka ka rubuta ka kai wa malamanka: idan gulma nake da ƙawata, minti guda ma na yafe. Idan uwa ce da ɗa a hannu, kada shirun ya kai numfashi ɗaya.

Mama da Kawu suna gaishe ka. Ka gaida amarya, ka shafa mini kan takwaran Baba.

Taka har kullum,
Yaya Babba